Inda Tagar Yaya Ke Kallo

Asabar, bayan la'asar

Yau aka dawo da Yaya daga asibiti, bayan kwana goma sha ɗaya. Mutum huɗu suka shigo da shi a kan katifa. Na miƙa hannu zan kama gefe, sai ya dubi Kawu, Kawu ya ce in je in buɗe ƙofa sosai. Ƙofar kuwa a buɗe take.

An kwantar da shi a ɗakinmu, dab da taga. Tabarmata an maido ta falo. Ya gaisa da kowa, har mai kantin bakin layi da ya leƙo. Ya tambayi kajinsa. Ni nake ba su ruwa da abinci tun ranar da abin ya faru, ina tsaye a ƙafar gadon, amma Inna ya tambaya.

Littafin nan nasa ne, bai rubuta komai a ciki ba. Wannan rubutun ma shi ya koya mini, da ranƙwashi, don ni allo kaɗai na sani.

Lahadi, da hantsi

Kajin talatin da ɗaya ne, duk mata, sati bakwai da ƙyanƙyashewa. Suna lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, an rufe su da raga da tsohuwar tabarma. Sun yi wa lungun yawa. Warinsu yana shiga har cikin tukunya, Inna tana girki da gyale a hanci.

Ba nan ne wurinsu ba. Akwai ɗakin katako da Yaya ya gina shekara huɗu da suka wuce a jikin katangar baya, yana ajiye kayan aikinsa. Shi ya so ya mayar akurki. Sai dai inda yake kwari ne, in aka yi ruwa har idon sawu yake kwanciya. Shi ya sa ya ce zai kwance shi ya matsar ƙarƙashin mangwaro, inda ƙasa ta ɗan tashi. Ya cire kwano uku daga rufin. Sauran biyar suna nan yadda ya bar su.

Ba na bin ta wajen in zan je tanki. Zagayawa nake yi.

Litinin, da azahar

Bai ce mini komai ba.

Talata, bayan magariba

An yi zama a kan maganar kaji, don hadari ya fara leƙowa ta gabas. Kawu kafinta ne, ya je ya zagaya ɗakin, ya caccaki ƙafafunsa da ƙusa. Ya ce gara ta ci biyu, ƙusoshin duk sun yi tsatsa, in aka ɓamɓare katakon rabi zai tsage. Shi dai a ganinsa a gina sabo, kwana uku ya gama, tsohon a faskara a yi wuta da shi.

Inna ta ce ko ba gara, ita ba ta son ta ƙara buɗe ido ta ga ɗakin nan. Baba ya ce duk wanda aka yi daidai ne, ya ci gaba da kallon tafin hannunsa. Haka yake yanzu.

Ni na fi kowa ɗaga murya. Na ce sabo, sabo fil, ni zan haƙa ramukan, ni zan faskara tsohon gobe tun da asuba. Kawu ya ce yaushe Tsinke ya fara son aiki. Tsinke ni ne, Yaya ya laƙaba mini tun ina rarrafe.

Sai Inna ta shiga ta faɗa wa Yaya abin da aka yanke. Muna jin muryarsa daga tsakar gida.

"A matsar da shi. Katakon ƙalau yake, ƙafa biyu kawai za a canja. Ni na gina, na san abin da ke ciki."

Ba wanda ya ƙara cewa sabo.

Laraba, da safe

Abin da kowa ya sani shi ne tsani ya zame ya faɗi, Yaya ya yi ta kira ba kowa a kusa, rana ta dame shi a kan kwano, ya ce bari ya diro, ai ba nisa. Bai ga bulon da ciyawa ta rufe ba. Haka ya faɗa wa Baba a asibiti, haka ake faɗa wa masu zuwa dubiya, su ce tsautsayi, Allah ya kiyaye gaba.

Ba wanda ya tambayi yadda tsani zai zame ya yi tafiya har bayan tanki ya kwanta.

Na ce zan ƙirga ɗari in mayar masa da tsanin. Ina toshe baki don kada ya ji dariyata. Sittin da huɗu na kai.

Alhamis, da la'asar

Mai gashin ƙashi ya zo, wanda asibiti suka haɗa mu da shi. Yana lanƙwasa ƙafafun yana miƙewa, yana tambaya ko ya ji nan, ko ya ji nan. An rufe ƙofa. Da ya fito Baba ya raka shi har titi, suka daɗe a tsaye. Baba ya dawo ya ce a ci gaba da addu'a.

Na ba kaji ruwa sau huɗu. Sau biyu ya isa.

Juma'a, bayan an sauko

Na shiga na ce Yaya sannu. Ya gyara filo.

Asabar, da yamma

Mun fara. Kawu ya ce ba za a ɗauke shi ɗungurungum ba, sai bango bango, kuma sai an sa wa kowane katako alama don a san mazauninsa. Na ɗauko tawadata da alƙalami na fara, harafin alif a na farko, harafin ba a na biyu. Na kai jim Baba ya zo wucewa ya tsaya. Ya ce haruffan da na yi shekara goma ina wankewa daga allo su zan kai inda kaji za su yi kashi? Na kankare da wuƙa. Yanzu ɗigo nake sawa, ɗaya, biyu, uku. Na bangon gabas da tawada, na yamma da gawayi.

Sai rufi. Sauran kwano biyar dole wani ya hau. Kawu ya yi nauyi, gwiwarsa kuma ba ta lanƙwasuwa. Na ɗauko tsanin.

Inna ta bar wanke-wanke ta zo ta riƙe shi da hannu biyu, kumfa na ɗiga. Na ce ta bari, ya kafu. Ta ce ba za ta saki ba, wannan tsanin ba shi da amana, ya ci mata ɗa ɗaya ba zai ci na biyu ba. Tun da na hau har na sauko tana riƙe da shi, tana zaginsa ƙasa-ƙasa.

Daga sama ana ganin bayan tanki sarai. Ban taɓa sani ba.

Lahadi, da azahar

Ban ci abinci ba. Na ce cikina ne.

Litinin, da hantsi

Mun kwantar da bangon farko a kan bututun ƙarfe uku muna turawa, in ya wuce na baya sai in ɗauko in kai gaba. Taku ashirin da shida ne daga katanga zuwa mangwaro. Kawu yana ta mita, wai da sabo ne da yanzu kaji sun tare har sun saba da maƙwabta.

Gaskiyar Yaya ce. Ƙafa biyu ne kawai suka ruɓe. Sauran da ka kankare baƙin sai ka ga katako ja, har ƙamshi yake. Kawu ya shinshina, ya tofar da ƙusar da ke bakinsa.

Tagar ɗakinmu mangwaron take kallo. Labulen a ɗage yake.

Talata, bayan la'asar

Wani abu ya faru.

Na jibge katakon rufi a ƙasa haka nan, ban sa bulo a ƙarƙashi ba, don na gaji. Sai na ji tsaki daga taga. Gajere, amma na san shi. Tsakin da Yaya yake yi mini ne in na riƙe guduma a wuya, ko na bar zarto a rana. Na juya da sauri, fuskarsa tana kallon silin.

Kwana ashirin da ɗaya ke nan, wannan ne abu na farko da ya fito daga bakinsa ya nufo ni.

Yaya zai iya jure yunwa, zai iya jure ciwo, likita ma ya faɗa. Aikin banza ne ba ya iya gani ya yi shiru. Ya taɓa tsayar da mai keke a titi don ya gyara masa ɗaurin kaya.

Na bar katakon a ƙasa.

Laraba, da safe

Kawu ya samu aiki a wani gari, sati guda zai yi. Mun kafa bango huɗu kafin ya tafi, mun shafe ƙafafun da baƙin mai saboda gara. Ya ce rufi da ƙofa da raga aikin yara ne, ɗigona na nan, in bi su. Ya ce kada in yi masa shaƙiyanci. Na ce haba Kawu, ni?

Laraba, da yamma

Na kafa ƙofar kai ƙasa. Sakatar ta koma can sama, sai na yi ɗage nake kaiwa. Na buɗe na rufe ya fi sau goma don ta yi ƙara. Inna ta fito ta gani, ta yi dariya har ta dafa bango, rabonta da dariya tun ranar. Ta ce ko kajin ne za su riƙa tashi sama su buɗe wa kansu.

Daga taga, shiru.

Alhamis, da la'asar

Na buga ragar a sake, tana lilo kamar zanin da aka shanya. Na lanƙwasa ƙusa shida da gangan. Na riƙe gudumar a wuya, na juya yadda zai ga hannuna sosai. Na yi waƙa ma, wadda ya fi tsana.

Ba tsaki. Amma labulen bai sauka ba.

Juma'a, da hantsi

An kawo wani abu a mota, a naɗe cikin bargo. Baba ya sa aka shigar da shi bayan ƙofar falo, inda nake kwana. Tayoyinsa biyu sun leƙo. Ba wanda ya ambace shi, ni ma ba zan rubuta sunansa ba.

Asabar, da azahar

Rufi. Ko yaron da ya taɓa kallon gini ya san kwanon sama shi ke hawa kan na ƙasa, don ruwa ya gangara ya wuce. Na juya su. Na ƙasa na ɗora a kan na sama, kowane layi, bakin a buɗe yana kallon sararin sama kamar yana roƙon ruwa. Na yi shi a hankali, ina ɗaga kowane kwano sama kafin in ajiye.

Wannan kam Yaya ba zai iya haɗiye shi ba. Ƙusa huɗu-huɗu kawai na sa, don in ya yi magana in cire in gyara kafin la'asar.

Inna ta sake riƙe mini tsani.

Lahadi, da yamma

Bai ce mini komai ba.

Ya yi hira da mai gashi, ya yi hira da abokan aikinsa da suka zo, na ji har yana ba su labarin wani injin da ya ƙi tashi. Na kai musu ruwa. Ɗaya ya ce Tsinke an girma, an zama magini. Yaya ya ce wa mutumin ya miƙo masa kofi.

Litinin, da safe

Na kwashe kajin na zuba a ciki. Na shimfiɗa musu dusar katako, na rataye mazubin ruwa. Suna ta zagaye suna miƙe fukafukai, ba su taɓa samun fili haka ba.

Akwai hadari. Na sani, na gani, Yaya ma yana gani. In ba zai yi magana don ni ba, ai zai yi don su. Shi ya raine su a kwali da fitila tun suna kamar ƙwallon auduga.

Ina zaune a ƙarƙashin tagar, littafin nan a cinyata. Ina jin numfashinsa. Kalma ɗaya, in hau in gyara.

Litinin, bayan magariba

Inna ta aike ni kantin magani, na kusa ba su da shi, sai na bakin kasuwa. Na ce bari hadarin ya wuce. Ta ce maganin ƙarfe biyu ne, hadari ba zai sha wa Yaya ba.

A can ruwan ya same ni. Na yi gudu, amma gudun me.

Kowane layin kwano ya zama indararo yana zuba ciki. Dusar ta zama kunu. Sun tsorata sun taru a kusurwa ɗaya, suna hawa kan juna. Inna ta je buɗewa, sakatar ta fi ƙarfin tsawonta, sai da ta nemo kujera.

Biyar. Na ƙasan ne. Ba ruwan ya kashe su ba, 'yan'uwansu ne suka danne su.

Sauran muka goge da tsumma muka jera a kicin kusa da murhu. Inna ta ce ba laifina ba ne, yaro ne ni, Kawu ne da ya tafi ya bar ni da rufi. Kowa a gidan nan yana da wanda yake ɗora wa laifina.

Talata, da asuba

Na binne su a inda tsohon ɗakin yake. Ƙasar ta yi laushi.

Talata, da la'asar

Na cire rufin gaba ɗaya na sake. Na sama a kan na ƙasa, ƙusa a kan tudu ba a kwari ba. Na juya ƙofar. Na ja ragar har tana ƙara in ka taɓa. Na kwashe jiƙaƙƙiyar dusa na zuba busasshiya. Na hau da bokiti na kwarara a kan rufin, na sauko na duba, ko ɗigo.

Ban dubi taga ba ko sau ɗaya. Ban san ko labulen a ɗage yake ba.

Laraba, bayan azahar

Baba yana shago, Inna ta shiga maƙwabta. Na shiga ɗakinmu na rufe ƙofa. Ɗakin yana warin man zafi. Yaya ya rame, wuyansa ya yi tsawo.

Na ce kaji biyar sun mutu. Na ce ba kuskure ba ne, na san yadda ake jera kwano, shi ya koya mini. Da gangan na juya, da ƙofar, da ragar, duka, don ya zage ni. Na ce ni na kashe su.

Ya daɗe yana kallon silin. Na ɗauka yau ma haka zan fita.

"Na gani," ya ce. "Tun kwanon farko na gani."

Muryar ta shige ni, na zauna a ƙasa. Na ce to me ya sa bai yi magana ba, ai da sun rayu.

"Na so in yi. Bakina ya ƙi." Ya juyo da kansa, karo na farko ya dube ni a ido. "Biyu nawa ne a cikin biyar ɗin. Uku naka. Ashe ka iya cewa ni na yi. A kan kaji."

Sai na faɗa. Ba zan rubuta yadda na faɗa ba, ba da tsari ya fito ba, rabi ma majina ce. Na faɗi inda na kai tsanin, da inda na ɓuya, da lambar da na kai. Ya ce yana ganina tun daga sama, ƙeyata ta leƙo ta bayan tanki tana rawa. Ya ce ya diro ne don ya kama ni ya ci ubana, ba don rana ba.

Na ce zan faɗa wa Baba da Inna yau.

"Ba za ka faɗa ba. Inna tana da tsanin da take zagi, ka bar mata shi. In ka faɗa kai za ka ji sauƙi, ita ta rasa 'ya'ya biyu. Wannan kayanka ne, kai za ka ɗauka."

Na tambaye shi ko ya yafe. Ya ce kada in yi masa gaggawa, shi ma bai san abin da ke cikinsa ba tukuna, wata rana yana tashi ya ji ba komai, wata rana ya ji da zai iya miƙewa da ya shaƙe ni. Ya ce in bar tambaya.

Sannan ya ce in zo in ɗaga shi ya jingina, bayansa ya gaji. Na sa hannu a ƙarƙashin kafaɗunsa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya leƙa taga ya daɗe yana duban ɗakin kajin, daga ƙafafu har rufi.

Ya ce mazubin ruwan ya yi ƙasa, za su cika shi da dusa, in ɗaga shi daidai bayansu. Kuma ban sa musu sandar hawa ba, a ina nake so su kwana, a kaina?

Alhamis, da la'asar

Kawu ya dawo. Ya zagaya ɗakin sau biyu, ya girgiza ƙofa, ya ce ba laifi, amma shi har gobe sabo ya fi. Yaya ya ce daga taga a tambayi Kawu ina garar da ta cinye ɗakin. Kawu ya ce masu kwanciya sun fi kowa baki. Inna ta ɓata rai, Yaya kuwa ya yi dariya har ya riƙe haƙarƙari.

Abin da ke bayan ƙofar falo yana nan a cikin bargonsa. Mai gashi zai dawo Asabar.

Kaji ashirin da shida. Ɗaya tana ɗingishi.

Juma'a, da hantsi

Sandar hawan ta karkace, in ji Yaya. Tun safe ya kira ni sakarai sau uku, kuma ko rana ba ta yi tsaka ba.